Ƙurar Asbestos da Diyyar Ma'aikaci: Darasi Daga Mahaƙan Afirka ta Kudu

 

Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da suka ɗauki nauyin shirya taron, malamanmu, likitoci da lauyoyin da nake hange a sahun gaba, 'yan'uwa ma'aikata maza da mata. An nemi in yi magana a kan cututtukan da ƙurar asbestos ke jawowa da kuma diyyar ma'aikatan da suka shaƙe ta. Zan jingina mafi yawan bayanina a kan abin da ya faru a Afirka ta Kudu, domin a can aka haƙi asbestos sama da shekara ɗari, a can aka tabbatar da mafi munin cututtukansa, kuma daga can ma'aikata suka bi kamfani har gidansa a Landan. Abin da nake so in kafa hujja a kansa guda ɗaya ne. Ciwon asbestos ba ya bayyana sai bayan shekaru da yawa, saboda haka duk tsarin da ya ce ma'aikaci ya jira sai ya kwanta sannan ya kai ƙara, tsari ne da ya riga ya ba kamfani nasara. Tilas a ware kuɗin diyya tun kamfani yana tsaye da ƙafafunsa yana cin riba.

Na farko: abin da ƙurar ke yi a ƙirji

Asbestos dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, amma in an farfasa shi sai ya tsattsage ya zama zare-zare. Wuta ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, ga shi da arha, shi ya sa aka cuɗa shi da siminti aka yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa, aka naɗe tukwanen inji da shi a masana'antu da jiragen ruwa, aka sa shi a kayan birki da kulocin mota. Iri uku aka fi sayarwa: fari da ruwan ƙasa da shuɗi. Zaren da ke kisa ido ba ya ganinsa. Yana bin numfashi ya sauka can ƙasan huhu ya maƙale, jiki kuma ba shi da hanyar narkar da shi. Daga nan manyan cututtuka uku ke tasowa. Akwai asbestosis, inda huhu ke yin tabo ya ƙandare, mutum ya riƙa haki ko da alwala ya tashi yi. Akwai ciwon dajin huhu. Sai kuma mesoteliyoma, wato dajin da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu ko na cikin ciki, wanda ba a warkewa daga gare shi, kuma yawancin waɗanda ya kama ba sa wuce shekara guda ko biyu bayan an gano shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda asbestos da suka shaƙa a wurin aiki.

Ku riƙe wannan da kyau, jama'a, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya: tsakanin ranar da mutum ya shaƙi ƙurar da ranar da mesoteliyoma zai nuna kansa, akan yi shekara 20 zuwa 40, wani lokaci ma fiye. Saurayin da ya shiga masana'anta yana ɗan shekara 20 zai fara tari yana da jikoki. To, a lokacin ina manajan da ya ɗauke shi aiki? Ina takardar albashinsa? Ina abokan aikin da za su tsaya masa shaida? Shi kansa kamfanin wataƙila ya canza suna sau uku, ko an sayar da shi, ko ya rufe ya kwashe kuɗinsa ya bar ƙasar. Wanda inji ya guntule wa hannu, a ranar kowa ya ga jini, ba a gardama. Wanda ƙura ta ci wa huhu kuwa, sai ya haƙo tarihin shekara talatin alhali numfashinsa ba ya kai shi bakin ƙofa.

Na biyu: shin da gaske ba a sani ba?

Kariyar da kamfanoni suka fi fakewa da ita ita ce wai a wancan zamani ba wanda ya san illar abin. Bari mu bi tarihi da shekarunsa. A 1898 wata jami'ar duba masana'antu a Ingila mai suna Lucy Deane ta rubuta gargaɗi a kan ƙurar asbestos a rahoton hukuma. Kafin 1918 kamfanonin inshora a Amurka da Kanada sun riga sun fara ƙin karɓar ma'aikatan asbestos, kuma kun san ɗan inshora ba ya gudun kuɗi sai ya hango asara. A 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar Turner Brothers a garin Rochdale, Nellie Kershaw, ta mutu tana da shekara 33. Likita ya duba huhunta ya wallafa abin da ya gani, kamfanin kuma ya ƙi biyan diyya, ya ƙi ba da ko kuɗin jana'iza, aka binne ta a kabarin da ba ko alama. A 1930 wasu masu bincike, Merewether da Price, suka duba ma'aikata 363 suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na da asbestosis, abin da ya sa Ingila ta kafa dokar rage ƙura a 1931. A 1955 wani mai bincike, Richard Doll, ya nuna alaƙar asbestos da dajin huhu. Wanda ya ci gaba da tura mutane cikin ƙura bayan duk wannan, ba jahilci ya yi masa jagora ba. Lissafi ya yi, ya ga kare ma'aikaci ya fi jana'izarsa tsada.

Na uku: Afirka ta Kudu

An kafa kamfanin Cape Asbestos a Landan a 1893. Yana haƙar shuɗin asbestos a yankin Prieska da Koegas a arewacin lardin Cape, da ruwan ƙasa a Penge, cikin lardin da yanzu ake kira Limpopo. Dokar da Ingila ta kafa a 1931 ba ta ƙetara teku ba. A wurare da dama gida guda ake ɗauka aiki: miji ya shiga rami, mata da yara su zauna a rana da guduma suna fasa dutse suna zare zaren da hannu, a biya su gwargwadon abin da suka tara. A 1949 wani likitan gwamnati, Gerrit Schepers, ya je Penge. Ya ba da labarin ƙananan yara da aka zura cikin manyan buhuna suna tattake asbestos da ƙafa don ya danne, ana zubo musu shi daga sama yana sauka a kansu, wani ƙaton mai gadi kuma na tsaye da bulala don kada su sassauta. Da ya ɗauki hoton ƙirjinsu, sai ya tarar wasu sun riga sun kamu da asbestosis tun ba su kai shekara 12 ba.

Yadda aka gano mesoteliyoma kuwa ya kamata likitocinmu su saurara. A wani asibitin masu tarin tibi a Kimberley, Dokta Sleggs ya lura cewa marasa lafiyan da ke zuwa daga gabas suna samun sauƙi in an ba su magani, amma wasu da ke zuwa daga yamma, inda mahaƙan asbestos suke, sai su ci gaba da lalacewa har su mutu. Ashe ba tibi ke cin su ba. A 1960 shi da abokan bincikensa Wagner da Marchand suka wallafa bayanin mutum 33 masu mesoteliyoma, kuma 32 daga cikinsu an tabbatar sun yi mu'amala da shuɗin asbestos. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne da yawansu ba su taɓa aiki a mahaƙa ba. Wani a kusa da injin niƙa ya tashi, wani a kan tsibin tarkacen mahaƙa ya yi wasan ƙuruciya. Daga nan aka san cewa matar da ke wanke kayan aikin mijinta ma ba ta tsira ba. Duk da haka aka ci gaba da haƙa. Cape ya rufe masana'antarsa ta Barking a gabashin Landan a 1968, amma bai bar Afirka ta Kudu ba sai 1979, ya tafi ya bar tsibin ƙura iska na kaɗawa cikin ƙauyuka. Dokar diyyar ma'aikatan haƙar ma'adinai ta zamanin wariyar launin fata kuma tana biyan Bature ninkin ba ninkin abin da take biyan baƙar fata a kan ciwo iri ɗaya.

Sai a 1997 aka shigar da ƙara a Ingila ta hannun ofishin lauyoyi na Leigh Day. Me kamfanin ya yi? Bai fara da musun ciwon ba. Cewa ya yi ba a Ingila ya kamata a yi shari'ar ba, a koma Afirka ta Kudu, ƙasar da ba shi da ko kujera a cikinta da za a riƙe. Shekara uku aka kwashe ana wannan gardama kaɗai. A watan Yulin 2000 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa a yi shari'ar a Ingila, domin talakawan nan ba za su samu lauya da kuɗin bin ƙara irin wannan a gida ba. Masu ƙara suka kai kimanin 7,500. A Disambar 2001 aka yi sulhu a kan fam miliyan 21, amma kamfanin ya ce yana cikin matsin kuɗi, bai biya ba. A 2003 aka sake zama, Cape ya ba da fam miliyan 7.5, wani kamfanin Afirka ta Kudu mai suna Gencor ya ƙara kimanin fam miliyan 3. Ku yi lissafin da kanku: rabon da Cape ya biya, in an raba daidai, fam dubu ɗaya ne kowane mutum. Ɗaruruwan masu ƙarar kuma sun mutu kafin kuɗin ya iso. Wannan fa shari'ar da aka ci ke nan, har ana koyar da ita a makarantun lauyoyi, domin ta buɗe ƙofar bin uwar kamfani har ƙasarta. Ta wannan ƙofa ce mutanen Ogale da Bille na yankin Neja Delta suka bi, har kotun ƙolin Birtaniya ta amince a 2021 su ci gaba da ƙarar Shell a Landan.

Akwai wata dabara da aka yi a cikin Afirka ta Kudu wadda ni a ganina ta fi wancan ba da darasi. Gencor yana shirin raba wa masu hannun jari babbar kadararsa, wato hannun jarinsa a kamfanin Impala Platinum, sannan ya naɗe tabarmarsa. Lauya Richard Spoor ya garzaya kotu ya ce kada a raba ko sisi sai an ware haƙƙin waɗanda asbestos ya nakasa. Da masu hannun jari suka ga kuɗinsu zai maƙale, nan da nan aka sasanta a 2003 a kan kimanin rand miliyan 460, aka kafa asusun tallafin waɗanda asbestos ya shafa, kuma aka tsara shi yadda zai biya har waɗanda ciwonsu bai bayyana ba tukuna. A 2006 aka kafa irinsa na yankin Kgalagadi da kuɗin rukunin Eternit na ƙasar Suwizalan. Bambancin shari'o'in biyu a fili yake: an kama Gencor kuɗi na hannunsa, Cape kuwa an bi shi bayan ya yi shekara 18 da tafiya. Ƙasar ta haramta asbestos gaba ɗaya a 2008.

Na huɗu: kotu ko asusu?

Wani zai ce, ai matsalar talauci ce da mulkin wariya, a ƙasar da kotu ke da ƙarfi shari'a ta wadatar. To, mu duba Amurka, inda ba a taɓa yin shari'ar diyya mai tsawo da yawan jama'a kamar ta asbestos ba. Cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta cewa zuwa 2002 mutum kimanin 730,000 sun shigar da ƙara, an kashe wajen dala biliyan 70, amma a kowace dala abin da ya shiga aljihun marasa lafiya bai wuce santi 42 ba. Sauran ya tafi ga lauyoyin ɓangarorin biyu da hidimar shari'a. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Lauyoyin da ke nan su yi mini afuwa, ba ni na yi lissafin ba. Babban kamfanin asbestos na ƙasar, Johns-Manville, ya nemi mafakar dokar fatara a 1982, asusun da aka kafa a madadinsa kuma ya kai ga biyan kashi 10 cikin ɗari na abin da ya kamata, daga baya ma kashi 5. Waɗanda suka riga zuwa suka samu, waɗanda ciwonsu ya makara suka tarar an kusa sharce tukunya.

Faransa ta bi wata hanya. Ta haramta asbestos daga 1997, sannan a ƙarshen 2000 ta kafa asusu na musamman da ake kira FIVA, wanda mafi yawan kuɗinsa ke fitowa daga gudummawar da masu ɗaukar ma'aikata ke biya. Mara lafiya ba sai ya nuna laifin wani kamfani ba. Ya kawo shaidar likita da shaidar ya shaƙi ƙurar, doka ta wajabta wa asusun ya yi masa tayi cikin wata shida, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Japan ta yi dokar tallafi a 2006, bayan da aka gano mazauna kewayen masana'antar Kubota a Amagasaki na mutuwa da mesoteliyoma. Birtaniya ma a 2014 ta ɗora wa kamfanonin inshora haraji don biyan waɗanda aka rasa kamfaninsu ko mai inshorarsu. Ban ce a rufe ƙofar kotu ba. Ba don tsoron kotu ba da Gencor bai ajiye ko kwabo ba, kuma a kotu ne ake tilasta wa kamfani fito da takardun da ya ɓoye. Amma mutumin da likita ya ce masa saura shekara guda, ba a ce masa ya jira shari'ar shekara shida.

Na biyar: abin da masu ja ke cewa

Akwai masu cewa ciwo da mutuwa ƙaddara ce, neman kuɗi a kan mamaci kuma rashin tawakkali ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce ta wajabta diyya har a kisan kuskure, inda wanda ya yi kisan bai yi niyya ba. In wanda kibiyarsa ta kuskure ta sami mutum zai biya, ina ga wanda aka ba shi rahoton likita ya sa a aljihun tebur ya kulle? Iyali suna da ikon yafewa, amma yafiya sai bayan an tabbatar musu da haƙƙinsu, ba mai laifi ke yafe wa kansa ba.

Akwai masu cewa ai ma'aikatan mashaya sigari ne. Gaskiya ne sigari na jawo dajin huhu, kuma binciken Selikoff da abokansa a kan ma'aikatan Amurka ya nuna asbestos kaɗai na ninka haɗarin kusan sau 5, sigari kaɗai kusan sau 10, in suka haɗu kuwa kusan sau 50. Wannan hujja ce a kan kamfani, domin ƙurarsa ce ta mai da goma hamsin. Mesoteliyoma kuwa ba ruwansa da sigari. Masu cewa farin asbestos ba shi da illa, su ma amsarsu gajeriya ce: hukumar binciken daji ta duniya ta sa duk nau'o'insa a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, ƙasashe fiye da 60 sun haramta shi, Amurka ma ta hana farin a 2024.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa diyya mai yawa za ta durƙusar da kamfani, ma'aikatan yau su rasa abinci saboda ma'aikatan jiya. Wannan ba ƙarya ba ce, kamfanoni da dama sun rushe a Amurka. Amma me ya rushe su? Bashin shekara hamsin ne ya faɗo musu rana ɗaya. Da tun farko ana cire wani abu kaɗan daga kowane tan da aka sayar ana ajiyewa, da nauyin bai karya kowa ba, kuma da farashin asbestos ya nuna ainihin tsadarsa, masu saye sun nemi madadinsa tun da wuri. Kuɗin jinyar nan fa ba ɓacewa yake ba in kamfani ya ƙi biya. Matar mamaci ce ke biya da kayan ɗakinta, ɗansa ya biya da karatunsa.

Na shida: mu a nan gida

Najeriya ba ta yi suna da haƙar asbestos ba, amma ta yi shekaru tana sarrafa shi. An yi masana'antun kwanon rufi da silin na asbestos a Legas da Enugu da Sapele da Kano da Bauchi, kuma har yau kayan suna kan tsofaffin makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata. Muddin kwanon na zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da kafinta ya sa masa zarto, ko lebura ya hau da guduma yana rushewa ba ko ƙyalle a hanci, ko bakanike ya busa ƙurar birki da baki, ranar aka shaƙa. In muka yi lissafin shekara 20 zuwa 40, waɗanda suka yi aiki a masana'antun nan a shekarun 1970 da 1980 yanzu ne lokacin ciwonsu. A ƙasar da tibi ya yi yawa irin tamu, mutum nawa ake ba maganin tibi wata shida ba sauƙi, ba wanda ya tambaye su aikin da suka yi suna samari? Tambayar da Sleggs ya yi a Kimberley ke nan.

Muna da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar NSITF, kuma ba ta buƙatar ma'aikaci ya tabbatar da laifin maigidansa. Tushen ya yi daidai da abin da nake kira a kai. Sai dai dokar ta ba da shekara guda a nemi diyya, ko uku in akwai uzuri, kuma a aikace wanda kamfaninsa ya rufe tun kafin 2010, da lebura mai aikin yini wanda ba shi da takardar ɗauka, su ne suka fi shan wahalar kafa hujja. Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ƙwadago su buɗe rajistar duk wanda ya taɓa aiki da asbestos, da sunan wurin da shekarun, tun shaidu na raye. Ina roƙon likitoci su sa tambayar sana'a a cikin katin duk mai ciwon ƙirji. Ina kira ga 'yan majalisa su ware asusu na musamman ga cututtukan da ke daɗewa kafin su bayyana, wanda zai haɗa da matan ma'aikata da maƙwabtan masana'anta, sannan su hana duk kamfanin da ya yi sana'ar asbestos sayar da kadara ko rufewa sai ya ajiye kason marasa lafiyan gobe. Ku kuma ma'aikata, ku adana katin shaidar aiki da takardar albashi ko da sun yi shekara talatin, ku gaya wa 'ya'yanku inda suke.

Mai girma shugaba, na ga ana nuna mini agogo.  Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ke da tambaya ko gyara, musamman tsofaffin ma'aikatan masana'anta da likitocin ƙirji da ke cikinmu, bismillah, fili naku ne.